Baba Almakashi, Mutumin da Ba Ya Faɗin Ƙarshen Fim

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan nan, da hantsi, babbar 'yarka ta kira ni. Ina jin yadda ta yi sallama na san ba lafiya ba. Ta ce, "Anti, Baba ya rasu." Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Jinyar ba ta yi tsawo ba, ciwon kai ka ce kana ji a wurin aiki, aka kai ka asibiti, daga nan ba ka dawo ba.

Masu kallo ba su san fuskarka ba. Sun dai san aikinka, domin kai ne mai haɗa tallar fim, ɗan guntun nan da ake saki kafin fim ya fito. Mu 'yan sana'a muke kiranka Baba Almakashi, saboda yadda kake datse hoto daidai inda zuciyar mai kallo ta tsaya. Ba ka yarda talla ta tona ƙarshen labari, kuma a gida ma haka kake. Uwargidanka ta taɓa gaya mini cewa duk zaman da kuka yi, ko da lallashi ko da fushi, ba ka taɓa faɗa mata yadda wani fim zai ƙare ba. Akwai ranar da ka sauka daga motar haya tun ba ka kai unguwarku ba, don wasu fasinjoji sun fara ba da labarin fim ɗin da ba ka gani ba.

Amma abin da ya hana ni sukuni tun ranar Talata shi ne abin da ka yi mini a kan fim ɗina na farko.

Ni na rubuta labarin. Wata mata ce take neman ƙaninta da ya ɓace, sai a fitowar ƙarshe ake gane cewa mijinta, wanda yake taya ta nema, shi ya ɓoye shi. Saura 'yan kwanaki a fara nunawa a sinima, muka wayi gari wannan fitowar tana yawo a wayoyin mutane. Har maƙwabciyata sai da ta leƙo ta katanga tana ce mini ashe mijin ne.

Furodusa ya tara mu a ɗakin aikinka, ɗan ƙaramin ɗakin nan mai labule baƙi, inda kujera ɗaya ce mai lafiya. Ya ce a rufe ƙofa. Mutum uku ne aka san suna da fim ɗin a hannu: shi, da kai, da ni, domin ni nake rubuta fassarar da ake sakawa a ƙasan hoto. Bai dubi kowa ba sai ni. Ya ce in miƙo wayata da kwamfutata. Ta gefen labulen na hango motar 'yan sanda a bakin ƙofa, ashe tare ya zo da su.

A lokacin ban daɗe da rasa mijina ba, 'ya'yana ƙanana suna makaranta, ni kaɗai suke jira in je in ɗauko su. Na san kuma idan aka fita da ni daga ginin nan a gaban jama'a, ko daga baya an wanke ni, ba wanda zai sake ba ni labarinsa in riƙe. Na buɗe baki zan yi rantsuwa.

Sai ka cire abin sauraro daga kunnenka, ka ajiye a hankali, ka miƙe ka tsaya tsakanina da shi.

Ka ce, "Ranka ya daɗe, ɗakin nan nawa ne, mabuɗinsa yana aljihuna. Duk abin da ya fita daga nan, ni za a tambaya."

Ya ce, "Kai ka fitar ke nan?"

Ka ce, "Ban fitar ba. Ita ma ba ta fitar ba. Amma in dole sai an tafi da wani, ga ni."

Furodusa ya daɗe yana kallonka, kai ma ba ka sauke ido ba. Daga ƙarshe ya buɗe ƙofa ya yi wa 'yan sandan alama da hannu. Kafin ka fita ka juyo ka ce mini, "'Yata, lokacin tashin yara ya kusa, je ki." Ina tsaye a baranda na ga an sa ka a bayan mota, da furfurarka, masu shaguna sun fito suna kallo.

Wuni guda ka yi a can ana yi maka tambayoyi. Da aka sake ka, na ɗauka ba za ka ƙara taka ginin ba. Washegari da safe na same ka a kujerarka, ka janye tsohuwar tallar kana haɗa sabuwa. Furodusa ya so a ƙaryata, a ce fitowar ta bogi ce. Ka ce ba za ka yi wa masu kallo ƙarya ba. Sai ka buɗe tallar da ita kanta fitowar da kowa ya riga ya gani, fuskar mijin ta cika allo, matar ta tambaye shi me ya sa, ya buɗe baki zai amsa, ka datse. Kowa ya san wanda ya yi, ba wanda ya san dalili. Ranar da aka fara nunawa sai da aka mayar da mutane gida saboda rashin wurin zama.

Duk da haka kamfanin bai sake ba ka aiki ba, wasu ma suka bi sahu, ka yi watanni kana tace hotunan taro don ka ciyar da gida. Daga baya aka gano cewa wani baƙo ne da furodusan ya shigo da shi kallo ya ɗauka da wayarsa. Na zo maka a fusace na ce mu fito mu faɗa wa duniya. Ka yi dariya ka ce in zauna in huce, furodusan yana da iyali. Ba a taɓa ba ka haƙuri ba, kai kuma ba ka taɓa nema ba. Shekaranjiya na ga furodusan a wurin zaman makoki, can gefe, kansa a sunkuye. Na gaishe shi, domin na san abin da za ka ce in yi ke nan.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga uwargidanka, da 'ya'yanka, da jikokinka, da duk abokan sana'a, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Yadda ka tsaya a gabana ranar da ba ni da kowa, Allah Ya tsaya maka a ranar da kowa ta kansa yake yi. Amin.