Haihuwa a Siton Taki

A garinmu, can ƙasar Kiru, akwai wani ginin dutse mai rufin kwano da har yau ake ce wa Tsohon Asibiti. Tun zamanin En'e aka gina shi, ɗaki uku da baranda. Da aka yi sabon asibiti a bakin titi, ƙetaren rafi, sai aka kwashe gadaje da kwalabe aka bar gini. Ya yi ajin yaƙi da jahilci, ya yi kotun alƙali, kowane zaɓe kuma nan ake jefa ƙuri'a. Daga baya aka mai da shi siton takin zamani, aka ba ni makulli. Ni kuwa da makulli a aljihu, ji nake kamar hakimi.

Wata Laraba da hantsi, tsakiyar damina, ina zaune a baranda sai ga wani Bafulatani janye da sa, matarsa a kai ta dunƙule tana nishi. Ya yi sallama, ya tambayi malamin asibiti. Ashe shekara da shekaru suna kiwo a dajin Doguwa, bai san an tashi ba. Ya ce tun jiya take naƙuda, kuma nan aka haife shi, shi ya sa ya nufo nan.

Na ce, "Malam, ka ga allura a nan? Taki ne. Ku kama hanyar titi." Na faɗi haka ina sane rafi ya cika tun asuba, ko babur ba ya ƙetarewa. Har yau in na tuna kunya nake ji.

Gwaggona, wadda ta raine ni tun da mahaifiyata ta rasu wajen haihuwata, gidanta na kallon ginin. A da ita ke dafa wa unguwarzoma ruwa a nan. Ta jiyo mu, ta fito da zane a kafaɗa.

"Kai, buɗe ɗakin gabas."

"Gwaggo, kayan gwamnati ne a ciki."

"Gwamnatin gidanku! Buɗe, ko in fasa ƙofar da taɓarya."

Na buɗe. Ni da Bafulatanin muka yi ta jidar buhuna zuwa baranda. Gwaggo ta share ƙasa, ta shimfiɗa tabarma, ta nufi wani ƙarfe a bango da nake rataye hulata. Ta jefo min hular, ta ɗaura zane a jikin ƙarfen don mai naƙuda ta riƙe ta durƙusa. Ashe aikinsa ke nan tun asali. Ta kira maƙwabta biyu suka shigo da matar, ta kore mu waje.

Muka zauna kan buhuna, shi yana jan carbi, ni ina kallon hadari. Wallahi da farko takin nake tunani, kada ruwa ya jiƙa shi. Da nishin ya ɗauke, sai na manta da wani taki. Sai bayan azahar muka ji kukan jariri. Gwaggo ta leƙo ta ce mace ce, uwar ma ta buɗe ido ta nemi ruwa.

Can ta fito da mabiyiya a ƙwarya, ta ce in ɗauko fartanya in yi rami a gindin darbejiyar bayan gini. Na ce a nemi wani wuri, wannan sare ta zan yi don motar taki ta samu wurin juyawa.

Ta dube ni ta ce, "Sare mana. Taka ma tana ƙarƙashinta, da hannuna na binne. A ɗakin nan da ka ƙi buɗewa uwarka ta cika, tana riƙe da ƙarfen da kake rataye hula."

Na haƙa ramin.

Yanzu ginin shagon cajin waya ne, darbejiyar na nan. Shekara shida na ƙara a siton, hulata a kaina take wuni.