Zomon da Anka Fige

Na same shi ne a gonarmu ta wajen tafkin Kalmalo, lokacin girbin gero. Ina kwantar da kara sai na ga wani abu a gindin kunya kamar curin auduga mai datti. Ɗan zomo ne, bai cika tafin hannuna ba. Uwar ko karnukan maharba sun kore ta, ko sun cinye ta, ban sani ba. Na sa shi a aljihun taguwa na kawo gida.

Gidan na yayana ne, shi ne babba tun rasuwar mahaifinmu. Ni ɗaki guda gare ni, kusa da turken awaki. Matata ta rasu ba mu samu haihuwa ba, ban kuma yi marmarin wani aure ba. Masu cewa zomon ya zame mini ɗa surutu kawai suke yi. Zomo zomo ne. Amma duk gidan nan shi kaɗai ne ke ɗaga kunne idan na shigo.

Da tsumma na shayar da shi. In tsoma a nonon akuya in matsa masa a baki, rabi ya sha, rabi ya zube mini a cinya. Da ya fara cin ganye na gane cewa wanda raɓa ta jiƙa zawo yake sa shi, sai wanda ya sha iska. Harawar wake, yaɗiya, ɗan dusar gero, abincinsa ke nan. Da rana in kife shi da tsohon akurki in danne da dutse saboda muzuru. Da magariba in sake shi, ya zagaye ɗakin da gudu, ya buga ƙafa a ƙasa, ya dawo ya ɗora haɓa a kan yatsuna.

Matar yayana ba ta raga mini. Wasan ƙanen miji ne tsakaninmu, amma nata wasan da ƙaya a ciki.

"Mijina ƙarami," in ji ta, "wanga almajiri naka yaushe za a yanka muna shi? Ko sai ya yi saukar karatu, tunda kai ba ka yi ba?"

Na ce, "Ran da kinka tuƙa tuwo babu gudaji."

Da abin ya tsaya nan da ban ɓata tawada a kansa ba.

Wata rana kunu mai zafi ya zube wa jikar maƙwabciyarmu a cinya. Maƙwabciyar tsohuwa ce, duk unguwa Gwaggo muke ce mata. A ƙasarmu kowa ya san maganin ƙuna gashin zomo ne. A shimfiɗa shi a kan ciwon, ya manne, ya tsotse ruwan har wurin ya bushe. Wajen maharba ake samu, a busasshiyar fata. Ranar babu maharbi a gari.

Gwaggo ta tsaya bakin ɗakina ta ce, "Ɗana, an ce kana da zomo."

Ni na riƙe mata shi. Ta sa yatsu a cikinsa, inda gashin ya fi laushi, ta fizga. Ya yi ƙara irin ta jariri. Ban taɓa jin muryarsa ba sai ranar.

Yarinyar ta warke, tabon ma kaɗan ne. Sai magana ta fita cewa gashin zomo mai rai ya fi na fata. Ban san wanda ya fara faɗa ba, amma ta kai ƙauyen Araba, ta kai na Darna. Mai tuyar da mai ya fallatsa wa, maƙerin da ya dafa ƙarfe, matar da ta taka garwashi, duk ɗakina sunka nufo. Kowa ya yi sallama, ya tambayi gajiya, ya miƙo hannu. Babu wanda ya taɓa tambayar yadda zomon ya kwana.

Na nemi dabara. Idan ka jiƙa hannu ka shafa bayan zomo, gashin da ya gaji yana biyo ka. Na riƙa tarawa a ɗan ƙoƙo. Matar farko da na miƙa wa ta leƙa ta ture.

"Wanga ai matacce na, da kanshi yaf faɗi. Na jikinshi muke so."

A garinmu ana hana aron jaki, ana hana gishiri, ba a hana magani. Wanda ya hana, ko gaisuwarsa da ƙyar ake amsawa. Duk da haka na gwada hanawa sau ɗaya. Kafin la'asar yayana ya kira ni zaure.

"Mi kake so a ce da gidan ga? Dabba ta fa. Gashi kuwa shina tsirowa."

"Bai tsiro ba, Yaya. Taso ka duba."

"Ni in tashi in duba cikin zomo?" Ya mayar da ido kan igiyar da yake tufka. An gama magana.

Cikin zomon ya koma jan nama, ƙudaje na bi. Na shafa masa man shanu, na ɗaura masa ƙyalle, ya tauna ya yar. Ya daina gudun magariba. Da ya ji sallama a ƙofar gida sai jikinsa ya kama rawa, ya shige ƙarƙashin gado. Daga nan na fara tafiya da shi gona a cikin kwando, in ajiye shi a inuwa, in ƙi dawowa sai duhu ya fara. Wanda ya zo a ce masa ba na nan. A haka wani siririn gashi ya fara fitowa, fari, kamar na sabon ɗan tsako.

Sai hakimi ya aiko, kowane gida ya ba da mutum da jaki a kai hatsin zakka Sakkwato. Yayana ya ce gwiwarsa na ciwo. Ni ne mara iyali, ni za ni. Ba a ɗaukar zomo mai ciwo a ranar hanya, zafi kaɗai ya isa ya kashe shi. Na kai wa matar yayana akurkin har gaban madafa, na nuna mata harawar da ƙoƙon ruwa.

Na ce, "Ko wa yaz zo, ki ce na tahi da shi."

"Tahi abinka, mijina. Ko ƙuda ba ya sauka kanshi."

Muna can gobara ta tashi a bukkokin bakin kasuwa, inda Buzaye masu gishiri ke sauka. Ba a rasa rai ba, amma mutane da yawa sun ƙone wajen kashe ta. Ni ban ji labari ba sai da munka dawo. Tun daga ƙofar gari anka fara tare ni. Mutanen da ba su taɓa kallona ba suna kama hannuna.

"Allah shi saka da alheri."

"Allah shi ƙara buɗi, malam."

Ni da ko rabin Alƙur'ani ban kai ba, ranar na zama malam. Na saki jakin a hanya na wuce gida.

Zomon yana cikin akurkin, a kwance ta gefe. Ban da kai da kunnuwa babu gashi a jikinsa. Fatar bayan ta yage, tururuwa sun shiga. Yana numfashi. Ƙoƙon ruwan a bushe yake, har ƙasa ta taru a ciki.

Matar yayana ta tsaya nesa, muciya a hannu. "Mi za ni yi? Mutane na kuka bakin ƙofa. Yayanka yac ce a ba su."

"Ruwa fa?"

Ta juya ta koma kan tukunyarta.

Na jiƙa masa baki, bai haɗiye ba. Na jira ko zai motsa kunne, bai motsa ba. Na ɗauko wuƙa na wasa ta sosai don kada ta ja, na juya shi alƙibla, na yi bisimilla.

Yayana ya shigo yana ɗingishi, ya duba ya ce, "Gara haka, ya huta. A sa naman a miya. Kan kuma a aje shi, akwai sauran gashi ga kunnuwa. Matar maƙeri ta aiko tun jiya."

Tukunyar tuwo na kan murhu. Na sauke ta ƙasa, na tura zomon duka cikin wuta, na ƙara itace. Warin gashi ya cika gidan har maƙwabta sunka leƙo ta katanga. Yayana na faɗa, matarsa na salati, ni ina tsaye da sanda ina juyawa har babu abin da wani zai tsinta.

Tun ranar sunana a gari wanda ya ƙone magani. Yayana ya raba mini tukunya, ni nake dafa abin da zan ci. Waɗanda sunka warke suna nan, ina ganin su ran kasuwa, hannuwansu sumul. Ba su gaishe ni.