Shafin da Sumie Ta Ƙi Buga wa Hatimi

Shekara ashirin da bakwai Sumie Horiuchi ta yi a ɗakin binciken da ke bakin tekun garinsu, ba ta da digiri ko na rantsuwa. 'Yar masunci ce. Wankin kwalabe aka ɗauke ta, sai aka lura hannunta ba ya rawa, aka miƙa mata aikin ƙwan bushiyar teku, wata ƙaramar halittar ruwa mai ƙayoyi. Ta haɗa ƙwai da ruwan namiji, ta danna agogo, ta riƙa ɗiba tana daskararwa bayan daƙiƙa talatin, sittin, casa'in. Da haka ake auna yadda sinadaran da ke barci cikin ƙwan suke farkawa su kama aiki. Duk shafin da ta cika sai ta buga masa jan hatiminta, don a ƙasarsu hatimi shi ne sa hannun mutum.

Littafin Farfesa Kuramochi, shugaban wurin, ya ce wani sinadari ba ya motsi sai bayan minti biyar. Awon Sumie ya ce tun kafin minti ɗaya ya tashi. Sau goma sha ɗaya ta maimaita, har ruwan gishiri ya tsattsaga mata yatsu.

Farfesa ya kira ta ofis, ya zuba mata shayi da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi ta kwana-kwana, sannan ya turo mata shafin da aka gyara lambobinsa, wai agogonta ne ya tsufa, ta buga hatimi a wuce wurin. Ya kuma tuna mata a watan Maris ake sabunta takardar aikinta.

Ta ji tsoro, ba ƙarya. Mace mai shekara hamsin da huɗu, ina za ta nufa? Amma ɓacin rai ya fi tsoron yawa.

"Malam, ni ban yi karatu ba," in ji ta. "Ƙwan ma haka. Bai karanta littafinka ba, shi ya sa yake tashi da wuri."

"Ke Sumie, kin san da wa kike magana?"

"Na sani mana. Buga naka, ai ya fi nawa girma."

Maris ya zo, aka sallame ta. Yanzu tana fasa bushiyar teku a kasuwar kifi, wanda ya tambaye ta labari kuwa sai ta faɗa masa tiryan-tiryan, har da lambobin. Shafin yana nan cikin aljihun teburin Farfesa. Ya san abin da ke ciki ba gaskiya ba ne, har yau ya kasa buga nasa hatimin.