Inda Abba Yake Ajiye Makulli

A ofishin lasisin bindiga ba wanda yake kiransa da sunan yanka. Sai-an-sake suke ce masa, domin maganar da ta fi fita daga bakinsa ke nan. Shekara ashirin da shida yana aiki ɗaya. Kafin a ba mutum izinin sayen bindiga, sai ya kafe akwatin ƙarfe a bangon gidansa, ya ajiye makullin inda shi kaɗai ya sani, sannan a aiko wannan dattijo ya duba. In ya sa hannu, takarda ta wuce gaba. In bai sa ba, sai bayan kwana talatin.

Siriri ne mai dogon wuya, yana tafiya a hankali kamar mai sauraren ƙasa. Jakarsa ta fata ta tsufa har ta lanƙwashe daidai hammatarsa. Sauran ma'aikata sukan girgiza akwati, su taɓa ƙusoshi, su tafi. Shi kuwa akwatin ne abu na ƙarshe da yake dubawa. Yakan zauna a falo, ya cire tabarau, ya jira yaran gidan su gaji da leƙe su matso. Daga nan ya tambayi ƙaramin cikinsu, da muryar mai neman taimako, ko ya san inda makullin yake. Ya taɓa gaya mini cewa a yawancin gidaje yaro ne yake kai shi wurin: saman firji, cikin takalmin da aka daina sawa, bayan hoton bango. Manya sukan ɓoye abu daidai tsayinsu, su manta da akwai kujera.

Ba ya son a tambaye shi dalili. Matarsa ce ta faɗa mini cewa a shekararsa ta uku ya sa hannu a wani gida mai akwati lafiyayye. Bayan wata huɗu ya koma gidan yin ta'aziyya, ya tarar da jakar makaranta rataye a ƙusa, ba wanda ya iya sauke ta.

Saura wata biyar ya yi ritaya, takardar surukinsa ta faɗo kan teburinsa. Mijin 'yarsa ɗaya tilo, mai kantin magani, wanda 'yan fashi suka shiga wa sau biyu, na biyun har da ɗora masa bakin bindiga a kunne a gaban masu saye. Mutumin ya cika komai: fom, takardar likita, shaidar 'yan sanda, horon kwana uku. Dattijon ya gaya wa ogansa cewa gidan suruki ne, a tura wani. Oga ya yi dariya, ya ce ba kowa a ƙasa, kuma duk ofishin ba wanda zai zarge shi da sassauci.

Ya je da hantsi. Surukin ya durƙusa ya gaishe shi, 'yarsa tana murna, ta ɗauka magana ta ƙare tunda ta zo hannun gida. Jikarsa, mai shekara shida, ta haye cinyarsa tana lalube aljihu.

"Tsoho, yau ma hannu biyu ka zo? Na sake ka."

"Yi haƙuri, amarya. Taimaka mini tukuna. Makullin akwatin Abba nake nema."

Ko juyowa ba ta yi ta kalli iyayenta ba. Ta ja kujera zuwa jikin kabad, ta hau, ta yi ɗage, ta zura hannu bayan agogo. Ta kawo masa makullin a tafin hannu, fuskarta tana haske, tana jiran yabo. Ya yaba mata. Sannan ya buɗe jaka ya rubuta abin da ya saba rubutawa.

Surukin bai ɗaga kai ba, 'yar ce ta yi magana. Ta ce akwatin ma babu komai a ciki. Ta ce waɗanda suka sa wa mijinta bindiga a kunne ba su cika fom ba, ba su ga likita ba, ba wanda ya je gidansu neman makulli. Dokar nan tasu mutanen kirki kawai take kamawa, ta bar su hannu sake a gaban mugaye. In aka kashe mata miji cikin kwana talatin ɗin nan, da wace takarda zai zo mata?

Bai musa ba. Ya ce gaskiyarta, bai taɓa kama ɗan fashi ba, ba kuma zai kama ba. Ya ce ko shi bai san adadin rayukan da dokar ta tsare ba, domin wanda bai mutu ba ba ya zuwa ofis ya yi godiya.

"Amma ɗan fashi sau biyu ya zo muku a shekara uku," in ji shi. "Ita wannan yarinyar kullum tana nan."

Kwana talatin 'yarsa ba ta ɗauki wayarsa ba. Matarsa ta yi roƙo, ta yi fushi, ta ce a kan ɗan ƙarfen da bai kai yatsa ba zai raba ta da 'yarta. 'Yan'uwan surukin suka aiko cewa abin kunya ne. Ya ci gaba da fita aiki ƙarfe bakwai, rigarsa a goge.

Ran da wa'adi ya cika ya koma. 'Yar ta tare shi a ƙofa, ta ce in ya sake yi musu abin da ya yi, ya ɗauka ba shi da gida a nan. Ya ce ya ji. Bayan agogo ba komai sai ƙura. Ya zauna, ya cire tabarau, ya kira yarinyar ya yi mata tambayarsa.

"Ban sani ba," ta ce. Ta matso kusa da kunnensa, ta yi raɗar da duk falon ya ji. "Abba ya ce in ka tambaye ni in ce ban sani ba. Yana cikin safa."

 Surukin ya rufe fuska da hannu. 'Yar ta tsaya a kan mahaifinta.

"Baba, don girman Allah. Sau ɗaya a rayuwarka."

Ya daɗe yana kallonta, wannan da ya goya a kafaɗa, wadda ta gado taurin kansa kaf. Ya ɗauki alƙalami. Ya rubuta kwanan wata, ya rubuta dalili, ya yage kwafinsu ya ajiye a kan tebur.

Ta buɗe masa ƙofa da kanta. Ya sa takalmi a tsaye, ba tare da ya dafa bango ba. A bakin ƙofar ya juya ya gaya wa surukinsa cewa zai dawo ranar sha huɗu ga wata, ƙarfe goma, ko an buɗe masa ko ba a buɗe ba.