Uwar Fensir

Yayata ta yi shekara ashirin da bakwai tana yanka ƙwaƙwalwar matattu, kuma ko sau ɗaya ban ji ta ce ta gaji ba. Ni kuwa tun ranar da ta fara na tsani aikin nan. Takan dawo gida da warin magani mai sa ido hawaye, ta wanke hannu sau uku, sannan ta zauna ta ci abinci hankali kwance kamar daga shagon ɗinki ta taso.

Ɗakin binciken yana can ƙasan asibiti, bayan wurin wanki. Fararen bokitai jere kan kanta, kowanne da lambarsa. Mai ɗakin, Farfesa, ciwon mantuwa yake bincike: yana duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da shi don ya ga abin da ya cinye ta. Shi ke hawa jirgi, shi ke jawabi a taro, Yaya ke aikin. Takan gutsuro ɗan yanki ta sa a ƙaramin akwatin roba, ta rubuta lambar mamacin a jiki, inji ya jiƙa shi cikin sifirit, a daskarar da shi a kaki irin na kyandir, sannan ta shafto shi siriri fiye da ɓawon albasa. Da fensir kawai take rubuta lambar, domin sifirit yana wanke tawada. Duk wanda ya shigo mata da biro sai ta ƙwace. Har suna suka laƙaba mata, Uwar Fensir, ita kuma sai washe baki take, abin haushi.

Da Baba ya fara mantuwa, ni na ɗauke shi, shekara shida cur. Ya kira ni da sunan ƙanwarsa, ya zuba gishiri a shayi, ya tara min maƙwabta wai na sace masa takalmi. Yaya takan zo ranar hutu ta zauna ta zuba masa ido, kuma ba kallon 'ya take masa ba, kallon ma'aikaciya ne. Babarsa da ƙanensa duk haka suka ƙare, wannan mun sani.

Ranar da ya rasu, ina ɗaki ina kuka, ita tana ofis tana sa hannu a takarda.

“Kin ba su kan Baba?” na ce mata.

“Ƙwaƙwalwar ce kawai, Auta. Ba kya son ki san ko na gado ne? 'Ya'yanki uku fa.”

“Kar ki ƙara sa 'ya'yana a bakinki.”

Sharaɗi ɗaya na iya kafawa: ranar da suka ɗebi abin da za su ɗiba, a ranar za su maido mana ragowar mu binne.

Dokar wurin ba ta barin ma'aikaci ya taɓa na ɗan'uwansa, don haka aka ce Yaya ta zauna gida a makon. Farfesa ya ce don ya girmama ta, shi da kansa zai yi. Mutumin da ya shekara ashirin rabonsa da teburin yanka! Ya sa safar hannu, ya yi na Baba, ya haɗa da na wasu mutum uku da ke jira, ya zaro bironsa mai tsada ya rubuta lambobi da kyakkyawan rubutunsa. Da yamma aka maido mana ragowar muka binne. Bayan kwana biyu aka buɗe inji, akwatuna sun fito fes, babu ko ɗigon tawada. Na sauran ukun an koma bokitansu an sake ɗiba. Na Baba yana ƙasa.

Wato an buɗe kan ubana a banza. Farfesa ya zo har gida ya ba da haƙuri, yana ta murza hula, ni ko ruwa ban ba shi ba. Amma abin da ya fi ƙona min rai, Yaya ba ta bar aikin ba. Ranar Litinin ta koma ta gaishe shi, ta fere fensirinta, ta ƙara shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa. Ni ma na yi shekara goma sha ɗaya ina amsa gaisuwarta da ka.

Bara ta ajiye aiki. Watan jiya da hantsi ta iso gidana, zufa sharkaf, bayan ta yi awa guda tana zagaye layin da ta sani tun aurena. Ta zauna ta ciro takarda daga jaka. Tun daga nesa na gane ta, irin wadda ta sa wa hannu ce ranar da Baba ya rasu.

“Ciwon Baba ya kama ni,” ta ce. “Shekaranjiya butar shayi na tsinta a firji. Ba ni da miji, ba ni da ɗa, sai ke. Sa hannu a nan.”

“Wallahi ba zan sa ba. Ku je ku ci kanku ke da Farfesan naki.”

“Ki zage ni son ranki, Auta, amma ki sa. Na Baba ya ɓace. Idan nawa ma ya tafi haka, babbar 'yarki za ta kai shekaruna ba ta san abin da ke jiranta ba.”

Na zage ta kuwa. Na tuna mata takalman Baba, da zanin gadon da na wanke ni kaɗai, da makon da ta zauna gida kamar baƙuwa. Na yi ta yi har na gaji. Sannan ta miƙo min fensir guda shida ɗaure da roba, duk ferarru.

“Ranar, ki je da kanki ki tsaya a kansu. Ko wane ne ya zaro biro, ki ƙwace.”

Na fizge takardar na sa hannu, har biro ya huda ta. Ban yafe mata ba, kuma na faɗa mata haka. Na shiga kicin na ɗora mata ruwan shayi. Da na fito tana laluben jakarta, ta ɗago ta dube ni da fara'a.

“Yawwa Auta, zo zauna. Akwai takardar da nake so ki sa wa hannu.”