Bokitin Dussar da Na Kai Dubiya

Shekarun baya, da mai gidana ya rasu, abin da ya bar mana ni da ɗana shi ne gonar rake a bayan Kudan da doki ɗaya, wani ja mai cin tsiya. Shi ke juya mana injin matse rake in lokacin mazarƙwaila ya zo. In ya tsaya, mun tsaya.

Wata shekara ana tsakiyar matsa, dokin ƙanin mijina ya kamu da ciwo. Majina kamar koko, ƙarƙashin muƙamuƙi ya kumbura. To mu nan, doki in ba shi da lafiya dubiya ake zuwa kamar mutum. Kowa ya je ya buɗe masa baki, ya shafa wuya, ya faɗi nasa maganin, ya koma gida ya shafa nasa dokin da hannun nan. Ni ma na dama dussa da kanwa a bokiti na ɗauka, don ba a zuwa hannu rabbana.

Dokin ya tsoma hanci, ya yi atishawa a ciki, ya kau da kai.

Ƙanin mijina ya ce, "Matar yaya, ko doki ya san hannunki ba daɗi."

Na ce, "Mai shi ya biyo, bai san abin arziki ba."

Na tsaya ina kallon dussata, mudu biyu cur. Ni kuma ban iya zubar da abu ba, haka Allah ya yi ni. Na kinkimo ta na kawo gida na ajiye wa nawa. Ya cinye tas har ya lashe bokitin, ni ina ta sa masa albarka.

Bayan kamar mako guda, ɗana ya sare rake ya tara a bakin inji. Aka ɗaura doki, ya zaga sau biyu ya tsaya. Jiki zafi, hanci na zuba, muƙamuƙi ya fara kumbura. Muka kira malamin dabbobi, ya zo a babur ya tattaɓa wuyan.

Ya ce, "Iya, ya haɗu da wani doki?"

Na ce, "Ko hanya ba su haɗa ba."

"Linzami fa? Igiya? Bokiti?"

Na kama gyaran ɗankwali. Ɗana ya kalle ni, na ce ya kalli gabansa.

Malamin ya ce ciwon nan hannu ke kai shi, bokiti ke kai shi. Ya ba da magani, ya ce a ɗaure shi shi kaɗai, kada kowa ya taɓa shi sai mai ba shi abinci, kada kuma wani doki ya zo kusa da kayansa.

Washegari masu dubiya suka fara sallama. Na kifa turmi a ƙofar gida na zauna. Duk wanda ya zo sai in ce, "An gode, ya ji, a gaida gida." Ƙanin mijina ya ce, "Ke da kika shigo mana har da bokiti?" Na ce, "Shi ya sa." Aka yi ta cewa na sa doki a lalle. Su faɗa.

Raken ne abin ji. Maƙwabcinmu ya ce zai ara mana dokinsa na kwana biyu. Ɗana ya so, ni na ƙi, don sandar injin da igiyoyin duk nawa ya gama goga musu hanci. Muna kallo raken ya bushe, rabi ya yi tsami. Shekarar ba mu dafa mazarƙwailar kirki ba. Dokin kuwa kumburin ya fashe, bayan wata ɗaya ya miƙe, ya ƙara shekaru yana zaga inji.

Yanzu da na iya karatu da tsufana, nakan ga ana rubuta wasu cututtukan dawaki a waya, wai har da sababbi. Ban san sunayensu ba. Abin da na sani, in dokinka ya kwanta daga bakin zaure zan gaishe ka, in ka ji haushi ka ji. Mudu biyu na ƙi zubarwa, tulin rake ya tafi. Abin ba ya damuna kuma, ya wuce.

Bokitin kuwa ban yar ba, na gaya muku ban iya ba. Na huda gindinsa na shuka barkono.