Gilashin da Inna Ta Dawo da Shi

A shekarun da na riƙe shagon kadar a Tasawa, wato katakon nan da ake kewaye hoto da shi a rataye a bango, ina da wani allo da nake ji da shi fiye da kima. Hoton rago ne na yanko daga tsohuwar kalanda, na rufe shi da gilashi iri uku a jere. Na farko gilashin kowa da kowa ne, mai ƙyalli. Na biyu marar ƙyalli ne da nake sarowa daga Maradi. Na uku roba ce mai kama da gilashi, ba ta fashewa, amma ko da gefen zane ka goge ta sai ta yi zane-zane. Duk wanda ya shigo, sai in ja shi bakin ƙofa, in karkata allon ga rana. Kan ragon da ke ƙarƙashin gilashin farko sai ya ɓace cikin walƙiya, cikinsa kuwa da ke ƙarƙashin na biyu ya fito ras. Daga nan sai in fara wa'azi. Matata takan ce da a masallaci nake wannan zuba, da tuni an ba ni limanci.

Wata ranar kasuwa wata tsohuwa ta shigo daga wajen Urafan, da ƙunshi a hammata. Ta kwance zane biyu kafin abin ya bayyana. Hoton wani dattijo ne mai ƴar furfura a gemu, ya ƙura ido kamar an ce kada ya yi numfashi. Gilashin ya tsage gida uku. Ta ce damina ta jiƙa bango, ƙusa ta zare, ya faɗo. Mijinta ne, ya rasu shekarun baya, kuma ba ta da wani hotonsa sai wannan. Sunansa bai fito daga bakinta ba, malam kawai take cewa.

"Ɗana, ka maida mini shi yadda yake," in ji ta.

Ni kuwa ina na tsaya ji? Na ja ta bakin ƙofa da allona.

"Inna, dubi nan. Kin ga wanga? Haske na buga shi, sai ki ga ƙofa, ki ga kanki, hoton ya ɓace. Wanga kuwa ko rana tsaka malam kaɗai za ki gani."

Ta dubi ragon, ta dube ni. "To, kai ka san aikinka."

Na sa mata marar ƙyalli, na goge katakon, na ƙara ƙusa biyu masu ƙarfi. Da ta tafi, har na yaba wa kaina.

Kasuwa ta zagayo, sai ga ta da ƙunshinta. Na zaci hoton ne ya lalace a hannuna, abin da ba ni da inda zan samo madadinsa. Ta kwance, na duba, lafiyarsa lau.

"Inna, mi ya samu?"

"Ka fidda ni," ta ce.

Ban gane ba. Na ba ta kujera da ruwa, ta sha, sannan ta yi mini bayani tana kallon ƙasa. Ranar da aka ɗauki hoton a Mayahi tare suka je. Mai hoto ya ce ta tsaya kusa da mijinta, malam ma ya yafito ta, amma kunya ta hana, ga mutane cike da wurin. Ta noƙe bayan ƙofa tana dariya. Tana ganin akwai wata rana, har Allah ya yi ikonsa. Bayan rasuwarsa ta rataye hoton daura da ƙofar ɗaki. Wata safiya ta gama shara, ta tsaya kusa da randa, sai ta ga fuskarta ta fito a gilashin, daidai kafaɗarsa. Tun daga ranar, kullum da hantsi takan je ta tsaya nan.

"Yanzu na tsaya, na matsa, na koma, shi ɗai nika gani. Kwana bakwai malam na zaune shi ɗai."

Kunya ta rufe ni, tausayinta kuma ya kama ni har na kasa haɗa ido da ita. Abin da na yi shekaru ina kira aibi ina nuna wa mutane a kan rago, shi ta zo nema tun farko, kuma ta faɗa mini, surutuna ya hana ni ji.

Na cire marar ƙyallin nan take. Na yanko gilashin kowa da kowa, na wanke shi sau biyu, na ɗaura. Muka je bakin ƙofa, na riƙe hoton a tsayin da ta ce yake a bangonta. Ta gyara kallabi, ta ɗan matsa hagu, ta ɗaga haɓa. Ina leƙowa ta gefe in ga ko ya yi.

"Ɗana," ta ce, ba tare da ta ɗauke ido ba, "kauda kanka, ka shigo cikinmu."

Na miƙe hannuwana, na ja kaina baya iyakar iyawata, na bar su su biyu.